Tabon da Ke Cin Ƙodar Dashe: Aikin Sinadaran Haɓaka

 

 

Tambaya ɗaya ce ta tara mu yau. Mutum ya sha wahalar wankin ƙoda, ɗan'uwansa ya ba shi ƙoda, aka yi aiki lafiya, fitsari ya zubo tun yana kan gadon tiyata, ya warke ya koma kasuwa ko ofis. Bayan shekara bakwai ko goma sai gwajin jini ya fara nuna ƙodar tana ja da baya, a hankali a hankali, har a wayi gari ana maganar komawa kan injin wanki. Me ya cinye ta? Amsar da aka saba bayarwa ita ce jiki ne ya ƙi ta. Haka ne, amma amsar ba ta cika ba. Abin da nake so mu tafi da shi gida shi ne: garkuwar jiki ce ke yi wa ƙodar dashe rauni, amma abin da ke ƙarasa ta sau da yawa shi ne ƙoƙarin warkar da raunin idan ya ƙi tsayawa. Masu ba da umarnin wannan warkarwa kuwa wasu ƙananan furotin ne da masana ke kira sinadaran haɓaka.

Abin da ake dasawa

Ƙoda ɗaya ba ta wuce dunƙulen hannu ba, nauyinta kimanin giram 150. A cikinta akwai ƙananan matatai wajen miliyan guda. Kowace matata tana da ƙulli na siraran jijiyoyin jini inda ake tace ruwa, sai wani ɗan bututu mai lanƙwasa da ke mayar wa jiki abin da yake buƙata ya bar datti ya wuce. Ƙodoji biyu suna tace kusan lita 180 na ruwa a kwana guda, amma fitsarin da ke fita bai fi lita ɗaya da rabi ba. Ku riƙe abu guda a nan: jiki ba ya ƙera sabuwar matata bayan haihuwa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan, tabo ne zai maye gurbinta. Shi kuwa wanda aka yi wa dashe ƙoda ɗaya tal aka ba shi, don haka da rabin jari ya fara.

Yadda aka yaƙi ƙin ƙoda

Ranar 23 ga Disamba, 1954, likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya ɗore, a asibitin Peter Bent Brigham da ke birnin Boston na Amurka. Ya ɗauki ƙodar Ronald Herrick ya dasa wa tagwaininsa Richard, wanda ya ƙara shekara takwas a duniya. Aikin ya yi nasara ne domin tagwayen na ƙwai ɗaya ne, garkuwar jikin Richard ba ta ga baƙo ba. Ga sauran mutane kuwa kowa da tambarin da ke jikin ƙwayoyin halittarsa, wanda ake kira HLA, tambarin da Bafaranshe Jean Dausset ya fara ganowa a 1958. Da zarar garkuwar jiki ta ga tambarin da ba nata ba sai ta far masa.

Farmakin iri uku ne. Akwai na nan take, cikin mintoci ko sa'o'i, idan tun farko jinin majiyyaci yana ɗauke da antibodi, wato furotin ɗin yaƙi da garkuwar jiki ke ƙerawa, masu gaba da tambarin mai bayarwa. Wannan ya yi wuya yanzu, tun da Paul Terasaki da abokin aikinsa suka nuna a 1969 cewa gwada jinin mutum biyun kafin aiki yana hana shi. Akwai na gaggawa, wanda ya fi zuwa a watannin farko. Sai na uku, mai tafiyar hawainiya, wanda ke ɗaukar shekaru ba zazzaɓi ba ciwo.

An ci galaba sosai a kan na biyu. Kafin shekarun 1980, wajen rabin ƙodojin da ake ɗauka daga mamata ba sa kai shekara guda suna aiki. Zuwan maganin cyclosporine, wanda Roy Calne ya fara gwadawa a kan majiyyata a Kambirij ta Ingila a 1978 kuma aka amince da shi a Amurka a 1983, ya sauya lissafin. Daga baya tacrolimus ya zo daga Jafan. A yau a manyan cibiyoyin dashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙodojin suna aiki bayan shekara guda. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Ci gaban da aka samu a shekarar farko ya yi wa na shekara ta goma nisa ƙwarai. Ƙodojin da suka tsallake farmakin farko suna ci gaba da faɗuwa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Idan aka soka allura aka tsinko ɗan nama daga irin wannan ƙoda aka duba a madubin likita, abu uku ake gani: tabo ya cika tsakanin bututai, bututan sun motse, bangon jijiyoyin jini ya yi kauri har hanyar ta tsuke. Masanan da suka fara taruwa a garin Banff na Kanada a 1991 don tsara yadda za a riƙa karanta irin wannan nama sun yi ta sabunta ma'auninsu a kan waɗannan alamu har zuwa yau.

Mene ne sinadaran haɓaka?

Ƙwayar halitta ba ta rarrabuwa ko ta motsa ko ta sauya aiki don ra'ayin kanta. Umarni take jira. Umarnin yana zuwa ne a siffar ƙaramin furotin da wata ƙwaya maƙwabciya ta saki, ya zo ya manne wa makarɓarsa a fatar ƙwayar, daga nan saƙo ya ratsa ciki har cibiyarta. Saƙon zai iya zama “ki rarrabu”, ko “ki taho nan”, ko “ki fara saƙa zare”, ko “kada ki mutu”. Da waɗannan saƙonni ɗan tayi ke zama mutum a ciki, da su ƙashi ke haɗewa bayan karaya, da su miki ke rufewa.

Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya, ita ta gano na farkonsu a farkon shekarun 1950, wanda ke sa jijiyoyin saƙo su yi tsiro. Abokin aikinta Stanley Cohen ya gano na biyu, EGF, a 1962, kuma tare suka karɓi kyautar Nobel a 1986. Bayansu aka yi ta gano wasu. Kaɗan daga ciki su ne suka shafi maganarmu.

Wanda ke tara rundunar

Da sinadarin da ke tara rundunar garkuwa zan fara domin mutane da yawa ba su san cewa magungunan da mai dashe ke sha kullum yaƙi suke yi da wani sinadarin haɓaka ba. A 1976, a ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka, aka gano wani furotin da ke sa ƙwayoyin garkuwa da ake kira T su yi ta rarrabuwa. Sunan da aka fara ba shi ke nan, mai haɓaka ƙwayoyin T, kafin a mayar da shi IL-2. Idan ƙwayar T ta gane baƙon tambari a jikin ƙoda, sai ta saki IL-2, ta kuma fito da makarɓarsa a fatarta. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyi kaɗan sun zama dubbai, su kutsa cikin bututan ƙoda da bangon jijiyoyinta. Wannan shi ne ƙin ƙoda na gaggawa.

Ku duba yadda aka kewaye wannan furotin ɗaya. Cyclosporine da tacrolimus suna hana ƙwayar T ƙera shi. Allurar basiliximab da ake yi ranar aiki tana toshe makarɓarsa. Sirolimus yana tare saƙon bayan ya shiga ciki. Mycophenolate kuwa yana hana ƙwayar samun kayan da za ta rarrabu da su. Ke nan nasarar dashen ƙoda ta zamani an gina ta ne a kan danne sinadarin haɓaka guda. Wannan ya sa masana suka yi fatan za a iya yin haka ga masu haddasa tabo. Za mu ga dalilin da ya sa abin bai zo da sauƙi ba.

TGF-beta, uban tafiyar tabo

Anita Roberts da Michael Sporn ne suka fayyace wannan sinadari a farkon shekarun 1980 a cibiyar binciken kansa ta Amurka. Kusan kowace ƙwaya a jiki tana iya ƙera shi, kuma ajiye shi ake yi a ɗaure a tsakanin nama, sai an samu rauni ko kumburi a kwance shi. Da ya kuɓuta sai ya nufi ƙwayoyin da aikinsu saƙa zaren kolajin, ya tashe su, ya mayar da su masu saƙa ba dare ba rana. A lokaci guda yana rage ƙarfin sinadaran da ke narkar da tsohon zare. Saƙa ta ƙaru, warwara ta ragu. Yana kuma sa a saki wani mataimakinsa mai suna CTGF, wanda ke ɗora aikin ko da umarnin farko ya lafa. Abin da ya fi muni, TGF-beta yana sa ƙwayoyi su ƙara ƙera TGF-beta.

A fatar jiki mun san sakamakon wannan da idanunmu. Wani a huda masa kunne ko ya yanke, maimakon tabo ya kwanta sai ya kumburo ya wuce iyakar raunin, abin da likitoci ke kira keloid, kuma ya fi yawa a tsakanin baƙar fata. TGF-beta na da babban hannu a ciki. A fata muni kawai yake jawowa. A cikin ƙoda kuwa zaren yana cika sararin da ke tsakanin bututu da jijiyar jinin da ke ciyar da shi, iskar oksijin ta kasa isa, bututun ya motse ya mutu. Mutuwarsa sabon rauni ce, sabon rauni kuma yana kwance ƙarin TGF-beta. Misalinsa kamar mai yaɓe ne da aka kira ya toshe tsagar bango, ya toshe, bai ji an ce ya isa ba, ya ci gaba da yaɓe har ya rufe taga da ƙofa.

Hujjar cewa shi ne uban tafiyar ta fito fili a 1990, lokacin da Wayne Border da abokan aikinsa suka ba ɓerayen da ke da kumburin ƙoda antibodin da ke kama TGF-beta, sai taruwar zaren ta ragu. Bayan haka bincike da yawa a kan naman ƙodojin dashe na mutane ya nuna sinadarin ya fi yawa a waɗanda tabo ke ci.

To me zai hana a kashe shi baki ɗaya? A nan gizo ke saƙa. A 1992 aka samar da ɓerayen da jikinsu ba ya ƙera TGF-beta na ɗaya. Ba su wuce 'yan makonni ba suka mutu, garkuwar jikinsu ta cinye zuciyarsu da huhunsu da sauran sassa. Ashe sinadarin da ke saƙa tabo shi ne kuma linzamin garkuwar jiki. A 2003 Wanjun Chen ya nuna cewa TGF-beta na iya mayar da ƙwayar T ta yaƙi ta zama ta sulhu, irin ƙwayoyin da Shimon Sakaguchi na Jafan ya bayyana a 1995, masu hana sauran wuce gona da iri. Mai dashe yana matuƙar buƙatar waɗannan ƙwayoyin sulhu domin su ne ke taimaka wa jiki ya haƙura da baƙuwar ƙoda. Ke nan a watannin farko TGF-beta yana kare ƙodar daga farmaki, a shekarun baya kuma yana binne ta da tabo.

Akwai wani ƙulli kuma. Cyclosporine da tacrolimus, waɗanda suka ceci dubban ƙodoji, su kansu suna ƙara yawan TGF-beta, suna kuma matse ƙananan jijiyoyin ƙoda. Wasu masu shan cyclosporine dasashinsu kan yi kauri ya hau kan haƙora, wannan ma alama ce ta nama da aka umarta ya haɓaka fiye da kima. A 2003 Brian Nankivell da abokan aikinsa a Sidni ta Ostireliya suka wallafa binciken da suka bi majiyyata 120 har shekara goma, suka duba nama sau 961. Sun ga tabo yana fara kafuwa tun a shekarar farko, sau da yawa ba tare da gwajin jini ya nuna komai ba, kuma a shekara ta goma fiye da rabin ƙodojin sun yi mummunar lalacewa, kusan dukkansu kuma na ɗauke da alamun da aka danganta da illar maganin.

PDGF da tsukewar jijiyoyi

Russell Ross ne ya gano wannan a 1974 a birnin Seattle, a cikin ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare a bakin miki. Fatar da ta shimfiɗe cikin jijiyoyin ƙodar dashe ta mai bayarwa ce, jinin da ke gudana a kanta kuwa na mai karɓa ne. Nan ne fagen da baƙo da ɗan gida ke haɗuwa kowace daƙiƙa. Idan antibodi ko ƙwayoyin T suka goge wannan fata, ƙwayoyin daskarar da jini da ƙwayoyin garkuwa masu share datti sukan taru su saki PDGF. Shi kuma sai ya kira ƙwayoyin tsoka na bangon jijiyar su kutso ciki su yi ta rarrabuwa. Bangon ya yi kauri ta kowane gefe, hanyar jini ta tsuke, ƙodar ta shiga yunwar jini. Ƙoda mai yunwar jini tana sakin sinadarin renin, hawan jini ya tashi, sinadarin angiotensin ya ƙaru, shi kuma angiotensin yana daga cikin masu tayar da TGF-beta. Kun ga yadda zaren ya haɗe: jijiya ta tsuke, jini ya hau, tabo ya ƙaru.

VEGF, wanda ake so daidai wa daida

Harold Dvorak ya fara ganin aikinsa a 1983, Napoleone Ferrara ya tace shi ya raɗa masa suna a 1989. Shi ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, shi ke kuma raya fatar cikinsu. Matatar ƙoda ba ta rayuwa sai da shi. An tabbatar da haka a wajen masu ciwon kansa da aka ba maganin bevacizumab mai kama VEGF: da yawansu jininsu ya hau, furotin ya riƙa zuba a fitsarinsu, wasu ma jini ya daskare a matatunsu, kamar yadda ayarin Susan Quaggin ya bayyana daga Toronto a 2008.

A ƙodar dashe kuwa fuska biyu gare shi. Lokacin farmakin gaggawa yana ƙaruwa, ya sa jijiyoyi su riƙa yoyo, ya jawo ƙwayoyin garkuwa cikin nama. A ƙodar da ta daɗe tana ciwo kuwa siraran jijiyoyin da ke kewaye da bututai ɓacewa suke yi, nama ya rasa iska, tabo ya samu wuri. Idan ya yi yawa kumburi, idan ya yi kaɗan ƙishirwa. Maganin sirolimus, wanda aka samo daga ƙasar tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik, yana rage aikin VEGF da na PDGF. Shi ya sa a 2005 likitoci a Italiya suka ga ciwon kansar fata na Kaposi ya baje a jikin masu dashe 15 da aka mayar kan sirolimus. Shi ya sa kuma maganin ke jinkirta warkewar miki, yake sa wasu zubar furotin a fitsari.

Masu ja da tabo

Allah bai bar jiki da masu saƙa tabo kaɗai ba. Akwai HGF, wanda Toshikazu Nakamura ya gano a Jafan a 1984, mai taimaka wa bututai su farfaɗo bayan rauni, mai kuma tare saƙon TGF-beta. Akwai BMP-7, wanda aka nuna a 2003 cewa ya mayar da tabon ƙoda baya a jikin ɓeraye. Akwai EGF ɗin Stanley Cohen, wanda lafiyayyun bututai ke zubarwa a fitsari, kuma bincike a jami'ar Mishigan a 2015 ya nuna raguwarsa a fitsari na nuna ƙodar da za ta yi saurin lalacewa. Makomar ƙodar dashe tana rataye ne a kan ma'aunin da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Rauni guda da ya zo ya wuce, masu gyara sukan rinjaya, ƙoda ta koma daidai. Rauni mai maimaituwa shi ke karkatar da ma'aunin zuwa tabo.

Daga ɓera zuwa mutum

An gwada juya wannan ilimi ya zama magani. A Helsinki ta Finlan an ba ɓerayen da aka yi wa dashen ƙoda maganin imatinib mai toshe makarɓar PDGF, ya hana lalacewar. Amma a jikin mutane labarin ya bambanta. An gwada antibodin da ke kama TGF-beta a kan masu ciwon ƙoda na sukari, aka dakatar da gwajin domin bai nuna amfani ba. An gwada wani magani mai kwaikwayon HGF a kan waɗanda ƙodar dashensu ta yi jinkirin kama aiki, sakamakon da aka bayyana a 2021 bai cimma abin da aka nufa ba. An gwada losartan na shekara biyar a kan masu dashe a Minesota ta Amurka da fatan rage tabo ta hanyar danne angiotensin, bambancin da aka samu bai kai a kafa hujja da shi ba, ko da yake maganin na da amfaninsa wajen hawan jini da zubar furotin. Har yau babu maganin da aka amince da shi wanda ke narkar da tabon da ya riga ya kafu a ƙodar dashe.

Dalilan a bayyane suke. Sinadaran suna da yawa, idan aka toshe ɗaya wani ya ɗauki aikinsa. Kowannensu yana da aikin alheri da ba a so a rasa. Sannan ɓera ana ba shi magani tun ranar da aka yi masa rauni, mutum kuwa ba a ganin nasa tabon sai ya yi nisa, domin kiriyatinin da ake aunawa a jini ba ya tashi sosai sai ƙoda ta yi asara mai yawa.

Inda maganar ta dawo hannunmu

Tun da ba a iya dakatar da masu saƙa tabo kai tsaye, abin da ya rage shi ne a hana a kira su. Kowane rauni kira ne. Na farko yana faruwa tun ranar aiki, a tsawon lokacin da ƙoda ta yi a cikin ƙanƙara ba jini, da sa'ar da jini ya dawo mata. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙodar mai rai ta fi ta mamaci daɗewa. Sauran raunukan kuwa suna zuwa ne daga baya: farmakin garkuwa ko da ƙarami ne, antibodin da jiki ke ƙerawa a ɓoye, magani da ya yi yawa a jini, ƙwayar cutar BK da ke farkawa idan garkuwa ta yi rauni, ciwon mafitsara mai dawowa, hawan jini, da sukari.

A 2012 ayarin Philip Halloran a Edmonton ta Kanada ya bi masu dashe 315, ƙodojin 60 daga cikinsu suka mutu. Mafi yawan asarar ƙin ƙoda ne ya jawo ta, musamman na antibodi, kuma kusan rabin waɗanda ƙin ya cinye ƙodarsu ba sa shan magani yadda aka tsara. Wannan bincike ya gyara tunanin da aka yi a baya cewa illar magani ce babbar matsala. Ƙarancin maganin ya fi yawansa haɗari. A can ke nan, inda samun magani bai kai namu wuya ba.

Mu a nan Najeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya yi nasa a 2010. Wasu kuma Indiya ko Masar suke tafiya. Kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin Gashuwa da kewaye. Al'adarmu ita ce a yi gangami a tara kuɗin aiki, a sayar da gona ko fili, idan an sallamo majiyyaci a yi barka a watse. Alhali maganin hana ƙi na har abada ne, kowace rana, tacrolimus sau biyu da tazarar sa'a goma sha biyu. Wanda kuɗi ya yanke masa ya koma shan rabi, ko ya tsallake mako guda, ba zai ji komai a jikinsa ba. Amma a wannan makon garkuwa ta farka, ta fara ƙera antibodi, an goge fatar jijiyoyi, an kwance TGF-beta. Lissafin zai fito bayan shekara uku ko biyar.

Saboda haka ga kirana. Ga mai dashe: ka sha maganinka a kan lokaci ko da kana jin ƙarau. Ka je gwajin jini da na fitsari a ranar da aka sa maka, a auna yawan maganin a jininka. Kada ka sha maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, kada ka sha jiƙo ko tsimi ko wani haɗi da likitanka bai sani ba. Idan aka ce kana da tarin fuka, ka sanar da likitan ƙoda kafin ka fara magani, domin rifampicin yana zubar da ƙarfin tacrolimus ƙwarai. Idan azumi ya gabato ka zauna da likitanka tun kafin a ga wata, a duba ko jikinka zai ɗauka da yadda za a tsara lokutan shan magani. Ka rage gishiri, ka riƙa auna jininka, ka bar taba.

Ga dangi: wanda ya ba da ƙoda ya yi nasa, Allah Ya ba shi lada. Saura ku ɗauki nauyin maganin wata-wata kamar yadda kuka ɗauki na aiki, kuma a yi wannan lissafi tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Ga 'yan'uwana likitoci: kada mu jira kiriyatinin ya tashi. Mu duba furotin a fitsari, mu nemi antibodi inda hali ya yi, kada mu ji nauyin tsinko nama idan akwai dalili, kuma mu tambayi majiyyaci cikin mutunci ko maganin yana isarsa. Ga ɗalibai masu sha'awar bincike: yawancin abin da na kawo muku an gano shi ne a jikin Turawa da mutanen Asiya. Tun 2010 aka san cewa wasu nau'o'in ƙwayar gado ta APOL1, waɗanda suka fi yawa a Afirka ta Yamma, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda, daga baya kuma aka ga cewa ƙodar da aka ɗauko daga mai ɗauke da biyu daga cikinsu ba ta kai sauran daɗewa. Wannan fage ne da ke jiranku. Ga hukumomi da masu hannu da shuni: tallafa wa mutum ya yi dashe sannan a bar shi ya kasa sayen magani asarar kuɗin ne da asarar ƙodar ɗan'uwansa. A shigar da magungunan hana ƙi da gwajin aunansu cikin inshorar lafiya, a tabbatar ba sa yankewa a asibitocinmu.

Tabon da ya kafu a ƙoda ba ya komawa, amma wanda bai kafu ba ana iya hana shi, kuma mafi yawan hanyoyin hanawar suna hannunmu tun yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa waɗanda suka ba da sassan jikinsu don ceton 'yan'uwansu.